Azurfa, Ƙashin Saniya da Dankali: Abubuwan Mamaki a Cikin Fim ɗin Hoto

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon albam ɗin gida ya ga wannan abin, ko da bai tsaya ya yi tunani a kansa ba. Hoton baƙi-da-fari da aka ɗauki kakanni a situdiyo shekara 60 ko 70 da suka wuce, kana iya bin zaren aikin da ke wuyan babbar riga ɗaya bayan ɗaya. Hoton kala na bikin suna da aka ɗauka da 'yar kyamarar aljihu a shekarun 1980 kuwa, fuskoki sun yi dishi-dishi, bango ya yi yashi-yashi. A hankalce na baya ne ya kamata ya fi kyau, tun da fasaha gaba take yi. Abin da ya juya lissafin abu biyu ne: girman dodon hoton, da girman ƙwayoyin da ke kwance a jikinsa.

Lissafin faɗaɗawa

Fim ɗin da aka fi sani, mai milimita 35, kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne a 36. Kafin a fitar da hoto mai inci 8 a 10 daga wannan ɗan fili, sai an faɗaɗa shi kusan sau 8 da rabi. Dodon kyamarar Rolleiflex, mai milimita 56 a 56, sau 4 da rabi yake buƙata. Mai inci 4 a 5, sau 2. Mai inci 8 a 10 ba a faɗaɗa shi ko kaɗan: a ɗora shi a kan takarda, a haska fitila, an gama. Injin faɗaɗawa kuma ba ya zaɓe. Yadda ya ƙara girman idon amarya, haka zai ƙara girman ƙwayar fim, da ƙwarzane, da ƙura, da 'yar rawar da hannun mai hoto ya yi. Curin fura ɗaya ne: in an dama shi a ƙaramin kwano ya yi kauri, in an dama shi a babbar ƙwarya ya tsinke.

Masu wankin fim suna da wani lissafi nasu. Naɗin fim 35 mai hoto 36, da naɗin 120 na irin su Rolleiflex mai hoto 12, da fallaye 4 na inci 4 a 5, da falle 1 na inci 8 a 10, duk kusan fili ɗaya ne, ruwan wanki daidai suke ci. Wato abin da mai ƙaramar kyamara yake raba wa hoto 36, mai babba yana zuba wa hoto guda. In ma aka cire ramukan gefe aka auna hoton tsantsa, babban ya ninka ƙaramin kusan sau 60.

Ma'aunin 24 a 36 kuwa ciwo ne ya taimaka wajen haifar da shi. Oskar Barnack, ma'aikaci a kamfanin Leitz da ke Wetzlar a Jamus, yana da asma, ɗaukar ƙatuwar kyamara da ƙafafunta yana wahalar da shi. Wajen 1913 zuwa 1914 ya ɗauki fim ɗin silima, wanda hotonsa 18 a 24 ne, ya kwantar da shi, ya haɗe gurbi biyu ya zama ɗaya. Kyamararsa, Leica, ta shiga kasuwa a 1925. Har yau manyan kyamarorin dijital da ba su taɓa ganin fim ba wannan ma'aunin suke bi.

Sai dai siffarsa ba ta dace da takardar 8 a 10 ba. In aka faɗaɗa shi cif, 8 a 12 yake bayarwa, dole a yanke inci 2. Shi ya sa a hotunan taro da yawa ake rasa kafaɗar wanda ya tsaya a gefe.

Naɗin 120 tun 1901 Kodak ya fito da shi, don wata kyamarar talakawa mai suna Brownie, kuma har yanzu ana yin sa.

Kamfanoni sun yi ta ƙoƙarin ƙanƙantar da fim don kyamara ta shige aljihu. A 1972 aka yi fim 110, mai milimita 13 a 17. A 1982 Kodak ya ƙara matsawa da fim ɗin Disc, wani faifai mai hoto 15 a zagaye, kowanne kamar milimita 8 a 10. Ko ɗan hoton albam za a wanke, sai an faɗaɗa shi fiye da sau 10. Mutane suka karɓo hotunansu suka ga yashi, suka juya wa kyamarar baya. A 1999 aka daina yin fim ɗin gaba ɗaya. Kyamarar Minox da 'yan leƙen asiri suka yi suna da ita ma ɗan dodo gare ta, 8 a 11, amma su rubutun takarda suke so ya karantu, ba ruwansu da laushin fata.

Mece ce ƙwayar?

Fim falle ne na roba garai-garai da aka shafe da jalatin, wani danƙo da ake samu in an dafa ƙashi da fatar shanu. A cikin danƙon akwai miliyoyin ƙwayoyi na gishirin azurfa, yawancinsu kewayen kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Silin gashin mutum ya ninka su kauri sau gommai.

Saniyar ma ba kowace ba. Shekara da shekaru masu yin fim suna fama da wata matsala: wannan jalatin ya ba da fim mai saurin kama haske, wancan ya ba da matacce, babu wanda ya san dalili. A 1925 wani masanin sinadarai na Kodak, Samuel Sheppard, ya gano bakin zaren. Shanun da suka ci ganyen mastad a makiyaya, jalatin ɗinsu yana ɗauke da ɗan ɓurɓushin farar wuta, kuma wannan ɓurɓushin ne ke farkar da azurfar. Abin ya kai Kodak ya mallaki masana'antar jalatin tasa ta kansa a garin Peabody da ke jihar Massachusetts. Ni dai wannan yana cikin abubuwan da suka fi burge ni a tarihin hoto: kiwon saniya yana da hannu a fuskar da ke rataye a bangon falo.

In an danna kyamara, ido ba zai ga komai a jikin fim ba. Haske yana taɓa ƙwaya ne ya bar mata tabo na tsantsar azurfa da bai wuce ƙwayar zarra kamar 4 ba. Ruwan wanki ne ke bin wannan tabon ya mayar da ƙwayar gaba ɗayanta baƙa, ya ninka aikin hasken sau miliyoyi.

Baƙin ɗigon da ake gani a hoto kuma ba ƙwayar ba ce. A jikin dodo, ƙwaya tare haske take yi, saboda haka gurbinta a takarda fari yake fitowa. Baƙaƙen ɗigon nan ramuka ne da ke tsakanin ƙwayoyi, inda haske ya samu kafa ya kutsa. Ƙwaya guda ta yi ƙanƙanta a gan ta. Abin da ido ke kamawa shi ne cunkoson da suke yi, wata bisa wata, a cikin kaurin danƙon. Kuma an fi ganin yashin a wuri sumul mai ruwan toka, kamar sararin sama ko kumatu, ya ɓuya a cikin ganyaye da zanen atamfa.

Lambar da ke jikin kwali, 100 ko 400 ko 1600, ciniki ne. Babbar ƙwaya ta fi tare haske, sai fim ya yi sauri, a ɗauki hoto da magariba ko a tsayar da doki yana cikin sukuwa. Kuɗin da ake biya shi ne yashi. Ƙaramar ƙwaya tana ba da laushi, amma tana son rana ko dogon jira.

A 1960 finafinan baƙi-da-fari suka ninka saurinsu a dare ɗaya, ba tare da an canza komai a cikinsu ba. Ma'aunin ASA, wato na lambar da ke jikin kwali, aka gyara, aka cire rarar da ake bari don gudun kuskure. Fim ɗin Tri-X, wanda ya fito a naɗin 35 a 1954 da lamba 200, ya wayi gari yana 400.

A 1982 Kodak ya sauya wa ƙwayar siffa. Maimakon dunƙule, aka yi ta shimfiɗaɗɗiya mai faɗin fuska, ta tari haske da yawa da azurfa kaɗan. Finafinan T-Max na 1986 da ita aka yi su. Duk da haka dubban masu hoto sun ƙi rabuwa da tsohon Tri-X, wai sabon ya yi santsi da yawa.

Fim ɗin kala da aka gama wankewa babu azurfa a cikinsa. Ta yi aikinta, an narkar da ita an fitar, an bar ƙananan gajimare na rini a gurbinta. Daga nan wani juyi ya samo asali: in haske ya yi wa baƙi-da-fari yawa, yashinsa ƙaruwa yake yi, in ya ɗan yi wa dodon kala yawa, gajimaren rinin haɗewa suke yi, hoton ya ƙara laushi. Ƙarancin haske ne babban abokin gaban fim ɗin kala. Hotunan bikin dare da aka ɗauka daga nesa da ɗan filashi, inuwarsu ta yi datti-datti, wannan ne ciwonsu.

Hoton kala na farko da ya samu kasuwa sosai, da dankalin Turawa aka yi shi. 'Yan'uwan nan Lumière na Faransa suka fito da Autochrome a 1907: gilashi da aka barbaɗa wa ƙwayoyin sitacin dankali da aka rina ja-ja, kore da shuɗi mai ɗan ja, miliyoyi a kowane inci, aka cike tsakaninsu da baƙin hayaƙi. Hotunan suna da wani ɗigo-ɗigo mai daɗin kallo. Wani attajirin banki, Albert Kahn, ya tura masu hoto ƙasashe da dama, suka tara masa irin wannan gilashi kimanin 72,000.

Ɗakin duhu

Fim ɗaya, ruwan wanki biyu, yashi biyu. Rodinal, wanda kamfanin Agfa ya yi wa rajista a 1891 kuma ake sayar da irinsa har yau, yana barin ƙwaya da kaifinta. D-76 na Kodak, na 1927, yana da sinadarin da ke ɗan lashe gefen ƙwayar, hoto ya yi laushi amma ya ɗan rasa kaifi. A 1995 ma wani aji a kwalejin fasaha ta Rochester, ƙarƙashin Scott Williams, ya nuna cewa kofi yana wanke fim.

Injin faɗaɗawa shi ma iri biyu ne. Mai tattara haske ya harbo shi a miƙe yana fito da kowace ƙwaya da kowace ƙura; mai baza haske yana lulluɓe su. André Callier ne ya bayyana dalilin a 1909.

Zafi kuwa ya shafe mu kai tsaye. Baƙi-da-fari a digiri 20 aka tsara a wanke shi, abin da ruwan famfo ba ya bayarwa a Kano ko Zinder cikin watan Afrilu. Ruwa mai zafi yana kumbura danƙon, ya hanzarta wanki, yashi ya ƙaru. In aka fitar da fim daga ruwa mai ɗumi aka tsoma shi a mai sanyi ƙalau, danƙon yana iya tattarewa, hoto ya fito da tsage-tsage ko'ina. Fim ɗin kala shi a digiri 37.8 ake wanke shi, kusan zafin jikin mutum. Ga kuma ƙurar hunturu: ɗan ɗigon da ya sauka a kan dodo mai milimita 35 zai fito fari fat a takarda, ya ninka girmansa sau 8. Duk mai hoton da ya fitar da aiki tsaf a wannan yanayi, ya cancanci a jinjina masa.

Babban dodo yana da wata fa'ida: ana iya gyara shi da fensir. Fuska tana da faɗin da mai gyara zai bi ƙuraje da tamoji yana shafewa da tsinin fensir. Santsin fatar taurarin Hollywood na shekarun 1930 haka aka same shi, tun kafin kwamfuta.

Dukiyar Bamako

A nan zan ɗan daɗe. Mai hoto Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a unguwar Bamako-Coura a 1948. Dodonsa mai santimita 13 a 18 ne, wato ya ninka na fim 35 sau 27. Yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma sau ɗaya yake danna wa mutum kyamara, saboda falle yana da tsada. Ba ya faɗaɗawa: ya ɗora dodo a kan takarda, abokin ciniki ya tafi da hoto daidai girman dodon. Ya koma aikin gwamnati a farkon shekarun 1960, ya rufe situdiyo, amma ya adana dubban dodanninsa.

A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a New York, an rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba. Wani mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako, inda wani mai hoto, Malick Sidibé, ya duba ya gane aikin Keïta ne. Daga baya aka wanke wasu daga cikin hotunan a girman santimita 120 a 180, tsayin mutum. Yi lissafin: faɗaɗawa ce ta kusan sau 10. In ka yi wa fim 35 irin wannan faɗaɗawar, santimita 24 a 36 za ka samu, abin da ya ɗara takardar A4 da kaɗan. Shi ya sa mutum ke tsayawa gaban hoton Keïta mai tsayin ƙofa yana ganin saƙar zane, da sheƙin ɗankunne, da tsagar fuska, komai raɗau. Duk wannan yana cikin dodon tun ranar da aka ɗauka. Ɗan hoton da mai shi ya kai gida bai nuna rabinsa ba. Akwai masu ƙorafin cewa manyan bugun sun fi na asali tsananin baƙi da fari, sun sauya yanayin aikin, kuma maganarsu abar dubawa ce. Amma ba don girman dodon ba, da ba a ma samu abin yin gardama a kai ba.

Sidibé kansa yana amfani da dodo mai 6 a 6 a situdiyo, ya ɗauki ƙaramar kyamara in zai bi matasa wajen rawar dare. A Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, ya tara kusan 1,000, a kan fim mai matsakaicin girma da ke nuna kowace tsaga da kowane naɗin zare.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Hoton takarda kwafi ne, dodo shi ne asali. Kowane tsohon situdiyo a garuruwanmu da aka share aka zubar da kwalayen dodanninsa, an zubar da fuskokin gari guda, da ɗinkinsu da adonsu, cikin bayanin da babu hoton bango da ya riƙe shi. Wanda ya gaji irin wannan kwali ya riƙe shi da kyau.

Manya da ƙanana

Edward Weston na Amurka da kyamarar 8 a 10 da ƙwan fitila guda ya yi shahararrun hotunansa, har da na tattasan nan na 1930. Ɗora dodo a takarda kawai yake yi.

A 1900 kamfanin jirgin ƙasa na Chicago da Alton ya so hoton sabon jirginsa tun daga kai har wutsiya a falle guda. George Lawrence ya ƙera kyamara mai gilashin dodo ƙafa 4 da rabi a ƙafa 8, nauyinta ya haura kilo 600, mutum 15 ne ke sarrafa ta.

Tsofaffin hotunan farantin azurfa na zamanin Daguerre ba su da dodo, kuma kusan ba su da yashi. A 1848 Charles Fontayne da William Porter suka ɗauki bakin kogin birnin Cincinnati a faranti 8. Bayan fiye da shekara 150 aka sa su ƙarƙashin madubin likita, aka karanta sunayen jiragen ruwa da allunan shaguna, har da agogon wata hasumiya da faɗinsa a farantin kamar milimita 1 ne. Ƙarfe 2 saura minti 5 yake nunawa.

A ɗaya gefen, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya a 1870 zuwa 1871, René Dagron ya riƙa ɗaukar hoton wasiƙu yana ƙanƙantar da su a kan 'yan siraran fallaye, kowanne ɗauke da dubban saƙonni. A naɗe su a sa cikin bututun gashin tsuntsu, a ɗaura wa tantabara. In ta iso Paris, a haska fallen a bango, akawuna su kwafe.

Tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York ta ɗauki shekara 40, daga 1950 zuwa 1990, tana nuna hotunan Colorama na Kodak, kowanne ƙafa 18 a 60, guda 565 jimilla. Da manyan kyamarori aka fara, daga baya har daga fim 35 aka yi, faɗaɗawa ta fiye da sau 500. Matafiya ba su ga yashi ba, domin daga ƙasa can nesa suke kallo. Wannan shi ne ɓangaren lissafin da ake mantawa: ingancin hoto yana tafiya da tazarar mai kallo. Allon talla na bakin titi da ke sheƙi daga cikin mota, in ka matsa jikinsa ɗigo-ɗigo ne zalla.

Amma faɗaɗawa tana da iyaka. Fim ɗin da Abraham Zapruder ya ɗauka ranar da aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas, 22 ga Nuwamba 1963, mai milimita 8 ne, hoto 486, kowanne bai kai milimita 5 a faɗi ba. Shekaru ana ta faɗaɗa su ana neman wani a bayan shinge, kowa yana ganin abin da zuciyarsa ta raya masa a cikin yashi. Fim ɗin Blow-Up na Antonioni, na 1966, a kan irin wannan matsalar aka gina shi. Abin da ƙwaya ba ta kama ba, babu injin da zai fito da shi.

Wasu kuma yashin suke nema da gangan. Masu mujallar Provoke ta Japan, da ta fito sau 3 kacal a 1968 da 1969, cikinsu har da Daido Moriyama, sun riƙa matsa wa fim a ruwan wanki har ya yi kaushi, domin a ganinsu hoto mai tsafta ƙarya yake yi game da Tokyo ta wancan lokaci. Ina ganin sun yi gaskiya a abu ɗaya: hoton titi da dare yana da rai da yashinsa, ko da hoton ango da amarya ba ya son sa.

'Yan sama jannatin Apollo sun tafi da kyamarorin Hasselblad da fim mai milimita 70, siririn da ke ba da hoto 160 na kala ko 200 na baƙi-da-fari a gida ɗaya. Da za su dawo, sai suka cire gidajen fim suka bar gangar kyamarorin don rage nauyi. Guda 12 suna can a duniyar wata.

Taurarin leƙen asirin Amurka na shirin Corona, daga 1960 zuwa 1972, su ma da fim suke aiki. In ya cika, tauraro ya jefo shi cikin tulu mai laima, jirgin sama ya cafke shi a iska a saman tekun Fasifik. A 1995 aka saki hotunan, fiye da 800,000, kuma masu bincike sun yi amfani da su wajen gano yadda itatuwa da gonaki suka sauya a yankin Sahel.

Abin da ido ba ya gani

A 1945 Kodak ya fara ganin baƙaƙen ɗigo a finafinan da ba a taɓa buɗewa ba. Wani masaninsa, Julian Webb, ya bi diddigi har zuwa kwalin da ake sa fim, wanda aka yi a wata masana'anta a jihar Indiana. Ƙurar gwajin bam ɗin nukiliya na farko, da aka yi a New Mexico ranar 16 ga Yuli, ita ce ta bi iska da ruwan sama ta shiga kogin da masana'antar ke ɗiba. A shekarun 1950 gwamnatin Amurka ta riƙa sanar da kamfanonin fim kafin gwaje-gwajen Nevada don su kare hajarsu, gatan da mazauna ƙauyukan da ƙurar ke sauka a kansu ba su samu ba. Abin takaici ne matuƙa.

Injin duba kaya na filin jirgi ma yana yi wa fim lahani, musamman mai sauri, kuma sababbin injinan CT wucewa ɗaya tana iya ɓata naɗi. Mai tafiya da fim ya roƙi a duba masa da hannu.

Tsohon dodo da ya fara warin ruwan khal, robarsa ce ke ruɓewa: zai lanƙwashe, ya tsuke, danƙon ya yamutse. A Indiya aka fara kai rahoton wannan cuta, inda zafi da laima suka haɗu, kuma tana yaɗuwa daga falle zuwa falle a kwali ɗaya. A ware mai warin, a kwafe shi da wuri, sauran a sa su wuri mai sanyi da bushewa.

In za a kwafa, dodon za a sa a sikana, ba hoton takarda ba. Sai dai sikana tana da nata halin: in idonta bai kai ƙanƙantar ƙwayar ba, takan nuna yashin ya fi yadda yake girma. Dabararta ta goge ƙura da ɓoyayyen haske kuma tana aiki a dodon kala, amma ba ta aiki a baƙi-da-fari, domin azurfar ma ƙura take ɗaukarta.

A silima, babban fim bai mutu ba. Kwafin IMAX na Oppenheimer, na 2023, tsawonsa kusan kilomita 18 ne, nauyinsa kusan kilo 270, kuma saboda shi Kodak ya yanka baƙi-da-fari mai milimita 65, abin da bai saba yi ba.

A intanet kuwa yashi data yake ci, domin kowane hoto nasa daban ne, ba ya matsuwa. In an goge shi ƙarƙaf, fuskar ɗan wasa ta zama sumul babu ƙofar gashi, masu kallo su yi ƙorafi. Sai aka samo mafita a fasahar matse bidiyo ta AV1, wadda Netflix ke amfani da ita: a auna yashin fim ɗin, a cire shi, a aiko da hoton tas tare da ɗan bayanin yadda yashin yake, talabijin ko wayar mai kallo ta ƙirƙiro sabo ta barbaɗa a kai.